Kiwon Maƙiyi

Asuba a Shika, ladan bai gama kira ba,
na sa safar hannu, na buɗe akwatin ɗumi.
Talatin da bakwai, zafin jikin mai lafiya,
nan muke ajiye hantar da ba ta da mai ita.

Ba irin ta mai tsiren bakin titin Samaru ba ce,
ba a yanka ta, ba a barbaɗa mata yaji.
Shimfiɗa ce siririya a gindin kwalba,
sai an sunkuya a madubin ƙara girma
a gan ta jere kamar daɓen tsakar gida.
An ce daga jikin wani yaro aka ɗebo asalinta,
can wata ƙasa, tun ban zo duniya ba.
Ban san sunansa ba. Kullum sai na gaishe shi.

Ruwan da muke ba ta ja ne, kamar zoɓon da aka sirka.
In ta sha ta ƙoshi sai ya koma ruwan ɗorawa,
launin da na fara gani a idon Tanimu.

Tanimu yayana, mai ɗinkin aska takwas a Ƙofar Doka,
wanda zare ke bin yatsunsa kamar ya san hanya.
Shawara ce, in ji maƙwabta.
Aka jiƙa saiwa, aka dafa ganye, aka hana shi mai.
Ciki ya tashi kamar tulu, ƙafa ta ƙi takalmi.
Ya bar wata riga, rabin wuya,
allura soke a inda ya ce zai ci gaba gobe.
Ni da shi hanta da jini ake ce mana.
Hantar ta tafi, ta bar jinin yana yawo.

Ga ni yau ina renon abin da ya ci shi.

A jikin mutum ba ya jiran sallama:
aska ɗaya ta ishe shi, allura ɗaya,
ko ya bi jariri tun daga ɗakin haihuwa.
A kwalba kuwa sai lallashi,
baƙo mai tsirfa, ya ƙi tabarma, ya ƙi tuwo.
Wata bakwai ina shuka, ba tsiro.
Sau biyu funfuna ta riga ni girbi.
Ran nan aka ɗauke wuta tsakar dare,
Yohanna mai janareta ya tafi neman mai,
na tsaya, tafin hannuna a ƙofar akwatin,
ina jin ɗumin yana zurarewa,
hantata ta kaɗa saboda hantar wani.

Inna ta ce, wai me kike kiwo ne
da ba ya cara, ba ya ƙwai, ba a kai shi kasuwa?
Na ce, ɓarawo nake ciyarwa
don in ga ta inda yake haura katanga.
Ta daɗe tana tsince shinkafa kafin ta ce,
to, kar dai ki saba da shi.

Yau na'ura ta fitar da lamba, lambar ta hau.
Ya kama. Ya zauna. Yana haihuwa.
Asabe ta rangaɗa guɗa a bayan takunkumi,
ni kuwa na rasa inda zan ajiye fuskata.
Wa ke murnar maƙiyi ya yi ƙiba?

Na rubuta kwanan wata a jikin kwalbar,
na mayar da ita cikin ɗuminta,
na wanke hannu sau biyu, har gwiwa.
Gobe za mu ɗiga masa magani na farko,
ɗigo ɗaya, mu zauna mu ga wa zai fara gajiya.

A motar Tudun Wada wani dattijo ya miƙo kuɗinsa,
na karɓa zan ba kwandasta,
sai na kama kaina ina leƙen farin idonsa.